Kaye, waya ko agogon keke: a ina kuke rubuta atisayenku?

Laminu:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Ina fita da keke nan Maradi bayan sallar asuba, wata rana hanyar Tibiri, wata rana hanyar Cadawa, ranar Lahadi kuma tare da ku. Burina in shiga tsere duk ranar da aka shirya wani a jihar nan. Amma in ka tambaye ni ko na fi watan jiya ƙarfi, ba ni da amsa sai "ina jin kamar". Wasu sun ce in sa manhajar Strava a waya, wasu sun ce in sayi ɗan agogon nan da ake ɗaurawa a kan keke, wani abokina kuma ya ce kaye, wato littafin rubutu, da bik sun isa. Kuɗina ba su da yawa, wayata ma batirinta ba ya jimawa. Ku da kuka riga ni, a ina kuke ajiye lissafin atisayenku, kuma me kuke rubutawa?

Nura:
Wa alaikumussalam. Laminu, sa Strava ka huta. Tun 2009 masu keke a duniya ke amfani da ita, kuma rubuta tafiya yana cikin ɓangaren kyauta. Kana danna maɓalli a ƙofar gida, ka jefa waya aljihu, in ka dawo ka tarar da kilomita, lokaci, gudu da taswirar duk inda ka bi. Abin da ya fi burge ni shi ne za ka iya ware wani yanki na hanya, a ce daga fitar gari zuwa wata mararraba, duk ranar da ka bi wurin ta nuna maka lokacinka kusa da na baya. Ba ƙidaya, ba mantuwa.

Laminu:
To forfe fa? Kuma akwai wuraren da rezo ke ɗaukewa in an yi nisa da gari.

Nura:
GPS, wanda ke gaya wa waya inda kake, ba ruwansa da rezo. Daga taurarin ɗan adam waya ke karɓar saƙon kai tsaye. Intanet sai lokacin da za ka tura tafiyar bayan ka dawo, shi ma kaɗan yake ci. Don batir kuma, kashe hasken fuskar waya, ka rufe sauran manhajoji. A yawancin wayoyin yanzu ko ka sa yanayin jirgin sama GPS na aiki, kuma batir ya fi jimawa sosai.

Mushe Habu:
Salamu alaikum. Nura ya faɗi gaskiya kan yadda abin ke aiki, amma ni ina son mu koma baya taki ɗaya. Laminu bai ce yana son sanin inda ya bi ba, ya san hanyar Tibiri kamar tafin hannunsa. Tambayarsa ita ce ko yana ƙara ƙarfi. Kuma a Maradi, lambar da waya ta fi nuna wa mutum, wato matsakaicin gudu, ita ce ta fi ruɗar da shi.

Ga dalili. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga gabas da arewa maso gabas take busowa. Wanda ya nufi Cadawa da safe, cikin bakinta yake tafiya. A ce kana gudun kilomita 25 a awa, iska kuma tana zuwa maka da 15. Ƙirjinka iskar 40 yake turawa, ba ta 25 ba. Nauyin iska kuwa ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa yake yi: daga 25 zuwa 40 turjiyar ta haura ninki biyu da rabi. Sai yaro ya dawo gida ya ga 21 a waya, alhali makon jiya ya ga 26, ransa ya ɓaci, ya ce ya koma baya. Bai koma baya ba, wataƙila ma ranar ce ya fi yin aiki.

Kuma kada wani ya ce ai dawowa za ta rama. Ba ta ramawa duka. In ka yi kilomita 20 da gudun 20, awa guda ke nan. Ka dawo da gudun 30, minti 40. Kilomita 40 cikin minti 100, matsakaicinka 24 ne, ba 25 ba, domin ka fi daɗewa a ɓangaren wahala. Da damina kuma iskar ta juya ta koma kudu maso yamma, hanyar da ta wahalar da kai a Janairu ita ce mai sauƙi a Agusta.

Shi ya sa ni ɗalibaina kaye nake sa su riƙe, kuma abu na farko da suke rubutawa minti ne, ba kilomita ba. Na biyu, yadda wahalar ta kasance daga 1 zuwa 10. Ga irin layin da nake so:

Talata, 6:45. Hanyar Cadawa, zuwa da dawowa. Minti 90. Wahala 4. Iskar gabas mai ƙarfi, akwai hazo. Barci awa 6. Ruwa gora 2. Gwiwar hagu ta fara tsami bayan minti 60.

Minti biyu ya ishe ka rubuta wannan. Sannan ka ninka minti da wahala: 90 sau 4, 360 ke nan. Ranar da ka yi minti 40 na gudu mai tsanani, wahala 8, ka samu 320. Ka ga fita biyu da ba su yi kama ba, amma nauyinsu a jiki ya kusa zama ɗaya. Ba ni na ƙirƙiro ba. Wani masani ɗan Suwidin, Gunnar Borg, shi ya fito da ma'aunin jin wahala, daga baya Carl Foster na Amurka ya kawo dabarar ninka shi da mintocin atisaye. Manyan masu horar da 'yan wasa na amfani da shi har gobe, kuma ba ya bukatar caji.

Nura:
Mushe, da girmamawa, duk abin da ka lissafa ana iya sa shi a Strava. Akwai wurin da za ka zaɓi wahala daga 1 zuwa 10, akwai wurin rubuta bayani wanda kai kaɗai ke gani. Kaye kuma ruwa na iya jiƙa shi, yara su yage shi, gara ta ci shi. Kuma ba ya tara maka jimillar wata.

Mushe Habu:
Akwai wurin, ban musa ba. Buɗe naka ka duba tafiyoyinka na watan nan, nawa ka cike wurin a cikinsu? Ba don in kunyata ka na tambaya ba, Nura, kusan kowa haka yake. Tunda waya ta riga ta rubuta wani abu da kanta, sai mutum ya ji an gama. Wanda ya buɗe kaye kuwa farar takarda ce a gabansa, dole ya tsaya ya tambayi jikinsa.

Akwai kuma abin da ya fi damuna. A manhajar nan abokanka na ganin gudunka. Ranar da ya kamata ka tafi a hankali, irin tafiyar da za ka iya hira da na kusa da kai ba tare da haki ba, sai ka tuna za a gani, ka ƙara giya. Masu bincike irin su Stephen Seiler da suka duba yadda manyan 'yan tseren juriya ke atisaye sun tarar wajen kashi 80 cikin 100 na fitarsu mai sauƙi ce, kaɗan ce mai tsanani. Mu nan yaranmu kowace safiya tsere suke yi da juna. Wata biyu sai ka ji gwiwa, sai ka ji kasala, sai ka ga an jingine keke.

Sabi'u:
Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce wallahi. Ko ranar Lahadi, da an wuce ƙarshen gari shi ke nan, kowa ya sunkuya.

Baba Mai Faci:
Salamu alaikum yaran ga. Ni ban iya dogon rubutu ba, ɗana ne ka rubuta mini. Laminu, in waya ba ta riƙe wuta, sayi ɗan agogon ga mai maganaɗisu. Ana ɗaura maganaɗisun ga waya guda ta taya, wani abu ƙarami kuma ga ƙafar keke, duk zagaye guda shi ƙidaya. Batirinshi irin mai faɗin nan ne, 2032, shina yin watanni. Ba ruwanshi da an ɗauke wuta ko an maido.

Amma ku ji abin da nika gani kullum a rumfata. Mutum shi sayi agogon, shi ɗaura, bai gaya mishi girman tayarshi ba. Agogon ga bai san hanya ba, zagaye kawai ya sani. Tayar keken tsere, 700 mai faɗin 25, zagayenta milimita 2105. Tayar 26 irin ta kekunan da munka fi samu nan, wajen 2050 take. In ka bar lambar waccan bisa wagga, kowace kilomita 100 agogon ya ƙara maka kusan 3 da ba ka yi ba. Gwaji mai sauƙi ne. Cika taya da iska yadda kaka hawa. Ka sa bakin iska daidai ƙasa, ka ja layi da alli bisa siminti. Ka hau, wani shi riƙe ka, ka tura miƙe har bakin iska shi sake dawowa ƙasa, ka ja layi na biyu. Ka auna tsakani da metir na tela ko na magina. Wannan lambar zaka sa.

Abu na biyu, duk inda kuka rubuta, ku bar shafi guda na keken kanshi. Ranar da anka sa sabuwar sarƙa, ranar da anka canja taya, ranar da anka yi faci da wurin da ta fashe. Yashin garin ga da ƙurar hunturu suna haɗuwa da mai su ci sarƙa. Gaɓa 12 cikakku na sabuwar sarƙa santimita 30 da rabi ne. In ta ƙaru da milimita 1 da rabi zuwa 2, canja ta. In ka bari ta kai 3, haƙoran baya ma sun tahi, kuɗin ya ninka. Mutum shi zo in tambaye shi yaushe anka sa sarƙar ga, shi ce "ba a daɗe ba". Wanda ya rubuta ba ya ce mini haka.

Laminu:
Allah ya saka da alheri Baba. Tayata 26 ce. Zan kawo keken a auna.

Salisu:
Ni kuma bari in kawo hanya ta huɗu, tunda ba wanda ya ambace ta. Ina amfani da tebur na Excel, ana iya yinsa da Google Sheets a waya ma. Kowane layi rana guda, ginshiƙan kuma su ne abubuwan da Mushe ya lissafa. Ginshiƙin minti sau wahala yana lissafa kansa, jimillar mako tana fitowa da kanta, kuma zan iya cewa ya nuna mini ranakun hanyar Ɗan Isa kawai, ko ranakun da na yi barci ƙasa da awa 6. Wannan kaye ba zai yi maka shi cikin sauƙi ba.

Amma babban dalilina shi ne mallaka. Akwai manhaja mai suna Endomondo da miliyoyin mutane suka yi shekaru suna tara tafiyoyinsu a ciki, aka rufe ta a ƙarshen 2020. A Yulin shekarar kuma masu kutse suka kai wa Garmin, kamfanin da ke ƙera agogunan atisaye, hari, kwanaki mutane ba sa iya tura atisayensu. Ba ina cewa kada a yi amfani da manhaja ba. Ina cewa abin da ke kan kwamfutar wani kamfani a wata ƙasa ba a hannunka yake ba. Wanda ke Strava ya riƙa sauke tafiyoyinsa a matsayin fayil ɗin GPX yana ajiyewa, ana yin haka ta shafinsu na intanet. Wanda kuma ba ya son buɗe asusu ko'ina, manhajojin OsmAnd da OpenTracks suna rubuta tafiya su bar ta cikin wayarka.

Nura:
Salisu, kai kana jami'a, kwamfuta na gabanka. Laminu a kasuwa yake wuni. Cike tebur a ƙaramar waya da yatsa bayan ka dawo a gajiye, mako nawa zai jure?

Salisu:
Ba kullum ba. Ya rubuta a kaye kowace rana, ranar Lahadi da yamma ya kwashe layukan mako zuwa tebur. Ko kuma ya ɗauki hoton shafin kayen ya tura wa kansa, shi ke nan maganar gara da ruwa ta ƙare.

Tanti Rabi:
Assalamu alaikum. Ni ba na hawa keke, ƙaramin ɗana ne ke fita da ku, shi ya sa aka sa ni cikin zauren nan, kuma aikin jinya nake yi. Na karanta duk abin da kuka rubuta, ina roƙon ku ƙara layi biyu, ko a kaye ne ko a waya.

Na farko bugun zuciya na asuba. Da ka farka, kafin ka tashi zaune, sa yatsu biyu a wuyan hannu ta gefen babban yatsa, ka ƙidaya minti guda cur. Kada ka sa babban yatsa, shi ma yana da nasa bugun. Na babban mutum a hutawa yakan kasance tsakanin 60 da 100, na wanda ya daɗe yana motsa jiki yakan sauka ƙasa da 60. Lambar rana guda ba ta gaya maka komai. Amma in ka yi makonni kana rubutawa ka san naka, ranar da ka ga ya haura sosai sama da yadda ya saba, jiki na gaya maka wani abu: ko gajiya ba ta sake ka ba, ko ruwa ya yi ƙaranci, ko ciwo na tafe. Zazzaɓi na ɗaga bugu da wajen 10 a kan kowane digiri guda na zafin jiki. Daga Agusta zuwa Oktoba, lokacin da zazzaɓin cizon sauro ya fi yawa a nan, wanda ya ga haka tare da ciwon kai ko jin sanyi, don Allah ya ajiye keke ya je a yi masa gwaji. Kada ya ce bari in fita in yi gumi ya fita. Mai zazzaɓi ba ya atisaye.

Na biyu nauyi, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. In akwai sikeli, hau kafin fita da bayan dawowa. Kowane kilo guda da ya ragu, wajen lita guda ce ta ruwa ta fita, bayan wanda ka sha a hanya. Rasa fiye da kashi 2 cikin 100 na nauyin jiki yana rage ƙarfi a fili. Ga yaro mai kilo 60, kilo 1 da gram 200 ne kawai. In babu sikeli, duba launin fitsari, ka rubuta fari ko ja. Na san abin kunya ne a rubuta, amma kayenka ne.

Mushe Habu:
Madalla Tanti. Wannan layin na bugun asuba shi ne mafi daraja a shafin gaba ɗaya, kuma ba wata waya a aljihu da za ta rubuta maka shi.

Nura:
Agogon hannu na zamani yana yi, Mushe. Har barci yana aunawa.

Mushe Habu:
Yana yi, ga mai kuɗinsa. Laminu ya ce kuɗinsa kaɗan ne.

Sabi'u:
Ni tambayata, su Biniam Girmay da kaye suke aiki? Mutumin nan ɗan Eritiriya ya ci zango 3 a Tour de France na 2024 ya tafi da koriyar rigar wanda ya fi tara maki. Ai na'ura suke bi. In muna son mu kai wani wuri, ko Tour du Faso ne nan maƙwabta, ba sai mun bi hanyarsu ba?

Mushe Habu:
Suna da na'urar da ke auna ƙarfin da ƙafa ke zubawa a feda, da wat ake lissafa shi. Ita iska ba ta ruɗinta, domin aikin ƙafa take aunawa, ba gudu ba. Da za mu same ta da mun yi murna. Amma kuɗinta ya fi na yawancin kekunan da muke hawa ranar Lahadi. Kuma ka sani, Sabi'u, ko su da ke da ita, mai horar da su yana son jin yadda suka kwana da yadda ƙafa ta ji. Manhajojin da ƙwararru ke aiki da su, irin TrainingPeaks, suna da wurin rubuta wannan. Mu abin da suke da shi ne ba mu da shi, amma abin da suke rubutawa da hannu muna iyawa tun yau.

Ga mai son gwaji na gaskiya ba tare da na'ura ba: zaɓi yanki guda na hanya mai kyau, wanda ba shi da cunkoson kabu-kabu da manyan motoci. Sau ɗaya a wata, lokaci guda na safiya, bayan ranar hutu, ka yi shi zuwa da dawowa da iyakar ƙarfinka, ka rubuta lokaci da yanayin iska. Wannan kaɗai za ka kwatanta da na watan baya. Sauran ranaku ka manta da gudu.

Mamman Ɗan Tibiri:
Ku gafarce ni, akwai abin da ba a taɓo ba kuma ni shi ya hana ni sa taswirata a fili. Duk wanda ya danna maɓalli a ƙofar gida kamar yadda Nura ya ce, ya nuna wa duniya ƙofar gidansa, da lokacin da yake fita, da hanyar da yake bi shi kaɗai gari bai gama wayewa ba, da hoton keken da yake hawa. A Janairun 2018 taswirar da Strava ta wallafa ta tafiyoyin jama'a ta fallasa wuraren sansanonin soja a ƙasashe irin su Afganistan da Siriya, saboda sojoji na gudu da agogonsu a kunne. In abin ya iya tona sansanin soja, gidan Laminu ba komai ba ne. Kuma kowa a nan ya san halin da ake ciki a wasu garuruwan bakin iyaka. Ni ban ga dalilin da zai sa baƙon da ban sani ba ya san cewa kowace Talata ƙarfe bakwai ina kan hanya kaza ba.

Nura:
Wannan gyara ne mai kyau, kuma akwai maganinsa cikin saituna. Za ka iya ɓoye farkon tafiya da ƙarshenta, ka iya sa mabiyanka kaɗai su gani, ko kai kaɗai. Wanda bai iya ba ya kawo wayarsa ranar Lahadi in saita masa. Amma kada a ce saboda haka a jefar da manhajar. Ni ita ta riƙe ni a kan keke. Ranar da sanyi ya hana ni tashi, in na ga Sabi'u ya riga ya fita, sai in tashi. Kaye ba ya tashe ka daga barci.

Mamman Ɗan Tibiri:
To ka fara kunna ta daga bakin kwalta, ba daga gida ba. Kuma kada ka karɓi mabiyin da ba ka san fuskarsa ba.

Mushe Habu:
Maganar Nura ta ƙarshe ba zan raina ta ba. Abin da ke fitar da mutum daga ɗaki da sanyin Janairu yana da amfani. In Strava ce ke yi maka wannan, riƙe ta. Ni dai abin da na tsaya a kai shi ne kada a ɗauka an yi lissafin atisaye don waya ta tara taswira. Ku 'yan kasuwa ne yawancinku. Mai shagon da ke rubuta ciniki kullum amma bai taɓa zama ya duba shafukan baya ba, bai san ko riba yake ci ko uwar kuɗi ba. Ranar Lahadi da yamma a zauna minti goma, a tara lambobin mako, a kwatanta da makonni uku na baya. In na wannan makon ya yi tsalle sosai sama da su, mako mai zuwa a sassauta. In gwiwa ta fito a layi uku a jere, a duba tsayin sirdi kafin a sake fita. Bayan makonni uku na ƙari, a yi guda mai sauƙi.

Ibro:
Mushe, azumi fa? Ni duk shekara nan lissafina ke watsewa. Ina dainawa gaba ɗaya, bayan salla in dawo kamar ban taɓa hawa ba.

Mushe Habu:
A nan ne ma rubutu ya fi amfani, Ibro. Azumi na matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara. Na 2021 ya faɗo Afrilu da Mayu, tsakiyar zafi, na 2025 kuma a Maris. Abin da jikinka ya iya a wancan ba shi ne na wannan ba, kuma ba za ka tuna ba in ba ka rubuta ba. Ka rage, kada ka daina. Wasu na yin minti 30 zuwa 45 a hankali dab da shan ruwa, yadda suna sauka ana kiran salla. Wasu sun fi son bayan asham, da fitila gaba da baya, cikin gari inda akwai haske. Gwada duka biyun, ka rubuta lokaci, abin da ka ci da sahur, da yadda ka tashi washegari. Shekara mai zuwa ka buɗe shafin, ba sai ka sake lalube ba.

Tanti Rabi:
Wanda zai fita kafin shan ruwa kada ya yi nisa da gida kuma kada ya fita shi kaɗai. In ya ji jiri ko ya ga gumi ya tsaya alhali yana jin zafi, ya sauka ya nemi inuwa nan take. Mai ciwon suga ko hawan jini kuma ya fara magana da likitansa.

Laminu:
Na gode ƙwarai, iyaye da yayye. Ga abin da zan yi. Zan sayi kaye mai kauri gobe, in ja layuka yadda Mushe ya nuna, in ƙara bugun asuba na Tanti, shafin ƙarshe kuma na sarƙa da taya. Agogon maganaɗisu in na samu kuɗi ƙarshen wata. Strava zan sa, amma ranar Lahadi da ranar gwajin wata kawai zan kunna, don batir, kuma Nura zai rufe mini taswirar. Teburin Salisu sai nan gaba.

Tambaya guda ta rage. Lambar wahalar nan, yaushe ake rubuta ta? Don in na sauka daga keke ina haki komai 9 nake jinsa, in na yi wanka na sha koko kuma sai in ga kamar 5 ne.

Mushe Habu:
Bari kamar minti 30 bayan ka sauka, sannan ka ba fitar gaba ɗayanta lamba guda, ba ƙarshenta kawai ba. Ka riƙe wannan lokacin kullum. Don ka samu ma'auni: 2 zuwa 3 kana hira a sake, 5 zuwa 6 magana na fita guntu-guntu, 8 kalma ɗaya ko biyu kawai, 10 ba ka iya ƙara ko minti guda. Makonnin farko lambobin za su yi ta yawo, daga baya su zauna. Kuma kada ka kwatanta 6 ɗinka da 6 ɗin Sabi'u.

Salisu:
Zan shirya teburin in turo nan, wanda ke so ya kwafa. Mushe, ka duba mini ginshiƙan kafin in tura.

Nura:
Ka ƙara ginshiƙin kilomita dai, Salisu. Duk abin da Mushe zai ce, tsere da kilomita ake yinsa.

Mushe Habu:
Ƙara shi. Amma ka sa shi bayan na minti.

Baba Mai Faci:
Masu son a auna taya su zo rumfa Asabar bayan la'asar. Akwai alli da metir. Kowa shi cika tayarshi da iska kahin shi zo, kuma shi wanke sarƙa, in duba ta gaba ɗaya.